Yadda ake rainon bishiyar karambola a ƙasar Kano ba tare da hunturu ya kashe ta ba

Karambola ita ce bishiyar nan da ɗanta ke da gefe biyar, idan ka yanka shi a gicciye kowane yanki sai ya fito kamar tauraro. Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, wajen su Malesiya da Indonesiya, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Mu kuwa nan damina wata huɗu ce, sauran watannin hunturu ne da bazara. Duk wanda na ga ya yi asarar dashensa, ya ɗauke ta ne kamar mangwaro: ya dasa a tsakiyar gona, ya juya baya.

Da farko nemi dashe ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen wata bishiyar karambola a kan gindinsa. Kada ka wahalar da kanka da iri, domin ƙwayarsa ba ta jure ajiya, kwanaki kaɗan da cire ta daga cikin ɗan ta mutu. Wadda ta tsiro daga iri kuma takan yi shekara 4 zuwa 6 kafin ta haihu, ƙila ma ta ba ka mai tsami. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2. Ya fi tsada, gaskiya ne, sai ka duba gurbin auren da idonka kafin ka zaro kuɗi.

Dasa a Yuni ko farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. Rami mai faɗi da zurfin rabin mita ya isa, ka gauraya ƙasar sama da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe. Bar tazarar mita 6 tsakaninsu. Idan lambunka na fadama ne, ko cikin noman rani na Kura da Kadawa, zaɓi tudu-tudu inda ruwa ba ya kwanciya, saboda saiwarta saurin ruɓewa gare ta. Ƙasa mai kanwa-kanwa ma ba ta yi mata. Toka kuma, da muka saba barbaɗawa don gara, ka nisanta ta da gindin. Bishiyar nan ƙasa mai ɗan tsami take so, toka kuwa kashe tsamin take yi, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kaɗai ne kore.

To ga inda ni na sha kashi. Dashe shida na sa a shekarar farko, suka yi kyau duk damina har maƙwabta na leƙowa. Da iskar hunturu ta taso a Disamba, sai ganye ya fara naɗewa da rana. Ban damu ba, don na san ganyenta yakan rufe da dare. Ashe idan ya rufe da rana tsaka, ƙishi ne da bushewar iska. Kafin ƙarshen Janairu huɗu sun zubar da ganye sun bushe daga sama. Biyun da suka tsira su ne na jikin katangar gidan kaji, inda iska ba ta dukansu. Alhali ruwa ɗaya nake ba su duka.

Saboda haka tun Oktoba, kafin iska ta juyo, ka kafa zana a ɓangaren arewa maso gabas na kowane dashe, tsayinta ya wuce na dashen. Da karan dawa ma ana yi, ga shi lokacin girbi ne, ba sai ka saya ba. Zanar kuma za ta tare maka awaki. Ni yanzu nakan dasa ayaba a gefe tun da wuri, ta zama makarin iska, ta kuma ba da inuwa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa kewaye da gindin da kauri, amma bar ɗan fili kada ta taɓa itacen, in ba haka ba gara ka gayyato. Ban ruwa sau uku a mako, da yamma, a ƙoshar. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ka yi mata 'yar rumfa ta sama, ruwa kuma kullum. Idan rijiya ta yi maka nisa, binne tulu a gefen saiwar ka riƙa cika shi, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Shekara biyu za ka yi wannan hidimar, daga nan ta yi ƙarfi.

Sauran aikin ba wuya. Ɗan takin kamfa cikin tafi sau uku a damina, nesa da gindi. Sare kanta idan ta kai mita 3, ka yanke duk reshen da ya fito ƙasa da gurbin aure. Furanninta ƙanana ne masu ruwan hoda, daga ƙulla ɗa zuwa nuna kimanin wata biyu ne. Idan ƙuda na hudar 'ya'yan, ɗaure su cikin takarda, haka manoman Malesiya ke yi. Kada ka tsinka sai ya yi rawaya, don ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi, kuma da hannu ake tsinka, ba da gora ba.

Mai ciwon ƙoda kada ya ci, ko yanki ɗaya, kada kuma ya sha ruwansa. Akwai guba a cikinsa wadda lafiyayyar ƙoda ke tacewa, ga marar lafiya kuwa takan taɓa ƙwaƙwalwa har ta kai ga rasa rai. In za ka kai kasuwa, ka riƙa faɗa wa masu saye.