Yadda Baduku Zai Kai Kayansa Kasuwar Duniya ta Wayar Hannu

Duk wanda ya zagaya kasuwar Kurmi ko ta Ƙofar Wambai a Kano zai ga takalma da jakunkunan roba na ƙasar Sin sun cika rumfuna, ana sayar da su a farashin da bai kai kuɗin fatar da baduku zai saya ba. A ɗaya ɓangaren kuma, fata mai kyau da kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa ke sarrafawa galibinta Italiya da Sifaniya take tafiya. Baduku ba zai iya yin gasar araha da inji ba, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya nemi mai sayen da ke son fata ta gaske da aikin hannu, ko da yana nesa.

Ka fara da fatar kanta, domin ita ce jarinka. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda a da ta can fatake suke ƙetarawa da ita bayan sun ratsa Sahara. Jimar bagaruwa kuma ta sami sabuwar daraja, domin tun shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fatar da ke taɓa jiki idan nau'in sinadarin kurom mai cutarwa da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo, alhali majeminmu na gargajiya ba ya amfani da wannan sinadari. Sai dai akwai aibi uku da ke sa a dawo da kaya, wato wari, da funfuna, da zubar rini. Ka zaɓi majemin da ke wanke fata sosai, ka shanya ta a inuwa har ta bushe sarai kafin ka yanka, sannan ka goga farin ƙyalle mai danshi a kan jan karan dafi ko baƙin kuloko. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, to rigar mai saye ma za ta ɗauka, kuma ba zai sake dawowa ba.

Bayan fata sai awo, kuma a nan ne dukawa da yawa suke faɗuwa, ba don rashin gwaninta ba, sai don sun saba da awon ido. Wanda ya ga jaka a hoto ya biya kuɗi yana jiran wannan jakar ce, ba ƙanwarta ba. Ka yanka samfurin kowane kaya a kwali mai kauri, ka rubuta tsawo da faɗi da santimita, ka ajiye. Idan takalmi ne, ka nemi mai saye ya auna tsawon ƙafarsa, domin lambar Amurka daban take da ta Ingila da ta sauran Turai.

Hoto ba ya bukatar kyamara mai tsada. Hasken hantsi da farin zane sun isa, amma ka nuna ɗinki da ciki da ƙasan kayan, ka haɗa da gajeren bidiyon hannunka yana aiki, sannan ka jera su a WhatsApp Business da Instagram tare da farashi. Ya fi kyau ka fara da masu saye na Abuja da Legas da Akara kafin ka hangi Landan.

Wajen yanka farashi, ka tuna cewa kamfanonin aika kaya suna lissafi da nauyi da kuma girman ƙunshi, shi ya sa ake aika tumtum ba tare da an cusa masa komai ba, kuma alabe da ƙananan jakunkuna sun fi riba a farko. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin zare da zif da kuɗin jirgi ba su tsaya wuri ɗaya ba, don haka ka sa wa kowane farashi wa'adi, ka kuma karɓi rabin kuɗi kafin ka sa wuƙa a fata.

Idan oda ta fara yawa, ka yi rajistar sana'arka a matsayin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, ka karɓi takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta NEPC, sannan bankinka ya taimaka maka da cike fom ɗin NXP, wato takardar bayanin kayan da za a fitar waje. Dukawa biyar ko goma za su iya haɗuwa a ƙungiya ɗaya su raba wannan ɗawainiya, su kuma iya cika odar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Fatar mesa da ta kada da ta damo kuwa ka bar su a gefe, domin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta shar'anta izini na musamman kafin a ƙetare iyaka da su, kuma jami'an kwastan na ƙasar da aka aika suna ƙwace kayan da ba su da shi.