Kafin ranar fansho: kurakuran da ke sa dattawanmu na Birtaniya asarar kuɗin tallafin nakasa

Kawuna ya shekara fiye da talatin a Manchesta yana tuƙin tasi. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, sallah ma a kan kujera yake yi. Ranar da na zauna cike masa takardar neman PIP, kuɗin da gwamnatin Birtaniya ke ba wanda lalura ta hana shi hidimar kansa, na karanta masa tambayar da ta shafi wanka. Ya ce, "Rubuta lafiya lau, alhamdulillahi." Matarsa na kicin tana jinmu. Sai ta leƙo ta ce, "Alhaji, wa ke riƙe ka in za ka shiga baho? Wa ke sa maka safa?" Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma namu ne na gado. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, in ka gaishe shi zai ce da sauƙi. Mai duba takarda a ma'aikatar ayyuka da fansho bai san wannan ladabi ba. Abin da ka rubuta shi zai ɗauka. Maki ake bayarwa a kan ayyuka 10 na rayuwar yau da kullum, irin su girki, wanka, sa tufafi da shan magani, sai 2 na zirga-zirga. Maki 8 ke kai mutum ƙaramin mataki, 12 babban mataki. Dokar ba ta tsaya ga ko kana iya yin abu ba. Tana duba ko kana yinsa ba tare da haɗari ba, ko za ka iya maimaitawa, ko yana cin ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya, kuma ko haka abin yake a mafi yawan ranaku. Don haka a rubuta gaskiya dalla-dalla: mita nawa kake takawa kafin ka tsaya, sau nawa ka faɗi, wa ke ɗaga ka. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban.

Amma kuskuren da ya fi tsada shi ne jira. Sau da yawa za ka ji dattijo ya ce, "Bari in kai fansho tukuna, sai in nemi komai gaba ɗaya." Ranar da ya cika shekarun fansho, ƙofar neman PIP a karon farko ta rufe. Abin da ya rage shi ne Attendance Allowance, tallafin nakasa na waɗanda suka kai shekarun fansho, kuma ita ba ta biyan ko kwabo don wahalar tafiya, hidimar jiki kawai take dubawa. Wanda kuwa ya shiga PIP tun kafin ranar, zai ci gaba da karɓa bayanta muddin lalurar na nan. Ka ga mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya na da kuɗin zirga-zirga har ma da mota ta tsarin Motability, mai ba nakasassu hayar mota da wannan kuɗi, ɗayan babu, kuma bambancinsu bai wuce ranar da aka buga waya ba. Haka nan wanda ke kan ƙaramin matakin zirga-zirga alhali ƙafar ta ƙara lalacewa, ya kai rahoto kafin ranar, domin bayanta a mafi yawan lokuta ba a ɗaga mutum zuwa babban mataki. Sai dai a sani, kai rahoto na sa a sake duba takardar gaba ɗaya, don haka a tanadi wasiƙun likita tukuna. Sharaɗin PIP shi ne matsalar ta yi wata 3 kuma ana sa ran za ta ƙara wata 9. Ba ruwanta da albashi ko ajiyar banki. Mai aiki ma na iya karɓa.

To, yaushe ce ranar? Nan ma ana tafka kuskure, don wasu har yanzu 65 ke bakinsu. Shekarun fansho sun kai 66 tun 2020, kuma tsakanin 2026 da 2028 suna hawa zuwa 67. Wanda aka haifa daga 6 ga Afrilun 1960 zuwa 5 ga Maris 1961 zai ƙara wasu watanni a kan 66, gwargwadon watan haihuwarsa. Ranar da ke cikin fasfo ita ce abin lissafi, ba wadda tsohuwa ta ce an haife ka shekarar fari ba. Fanshon kuma ba ya zuwa da kansa, sai an nema. Ana aiko wasiƙa kamar wata 4 kafin lokaci.

Sai maganar jita-jita. A Maris na 2025 ministar ayyuka da fansho ta lokacin, Liz Kendall, ta gabatar da shirin cewa daga Nuwamban 2026 sai mutum ya sami maki 4 a aiki guda kafin a ba shi kuɗin hidimar yau da kullum. Saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa an soke PIP. Alhali a Yulin shekarar, bayan 'yan majalisar jam'iyyar Leba da dama sun yi tutsu, gwamnati ta cire wannan sashe daga ƙudurin, ta miƙa batun ga bitar da minista Stephen Timms ke jagoranta. Na san waɗanda suka fasa nema saboda waɗannan saƙonni, shekaru kuwa ba su tsaya jiransu ba. Abin da ya tabbata a doka shi ne na Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki: ƙarin da ake ba marasa lafiyar da ba sa iya aiki ya ragu kusan rabi ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026, daga kimanin fam 97 a mako zuwa 50, ban da waɗanda ke karɓa tun da da masu lalura mai tsanani.

Akwai wani da ya fi shafar gidajenmu, inda maigida kan girmi uwargida da shekara goma ko fiye. Tun 15 ga Mayun 2019, ma'aurata ba sa iya fara neman Pension Credit, wato ƙarin kuɗin da ake ba 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi, sai dukansu biyu sun kai shekarun fansho. Kafin dukansu su kai, Universal Credit ce tasu, kuma ana cire fanshon maigida daga cikinta fam da fam. A yi wannan lissafi tun da wuri. Ita ma mai jinya, in ta kai fansho za ta ga Carer's Allowance, wato kuɗin masu jinya, ta tsaya, domin ba a biyan biyun a cike. Kada ta yi fushi ta watsar da takardar: kasancewar ta cancanta kaɗai na iya ƙara mata kuɗi a Pension Credit.

In wasiƙa ta zo da ƙi, wata guda ake da shi a nemi sake dubawa, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara. Ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice da Age UK na taimakawa kyauta. Wanda takardar zamansa ta hana shi cin kuɗin gwamnati kuwa, ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike komai.

Tafiya gida ma na da iyaka. PIP da Attendance Allowance na jure rashin mutum na mako 13, ko 26 in magani ya je nema. Pension Credit kuwa mako 4 ne kacal, wanda aikin Hajji da ɗan leƙa dangi a Kano ko Damagaram zai cinye shi tas. A sanar kafin a tashi, don kuɗin da aka biya bisa kuskure sai an dawo da shi. Mai niyyar komawa Najeriya dungurungum zai ci gaba da samun fanshonsa na gwamnati a can, amma ba za a riƙa yi masa ƙarin shekara-shekara ba, adadin zai tsaya cak inda ya bar shi.

Kawu dai muka yage takardar farko muka sake wata, Hajiya na faɗa ina rubutawa, shi kuma yana ta cewa, "Kai, har wannan ma sai an rubuta?" Saura wata biyar ya cika 66 muka aika.