Ƙawata babban babur: inda masu shi suke yin ɓarna da kuɗinsu

Baburan nan masu ƙasa-ƙasan kujera da dogon jiki, waɗanda ake kira kuruza, sun fara yawa a garin Bauchi. Da yamma za ka ga Honda Shadow ko Yamaha DragStar ya ratsa ta Wunti, wani lokaci Kawasaki Vulcan, Harley-Davidson kuwa sai jefi-jefi. Yawancinsu 'yan Beljiyam ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, kuma da wuya mai shi ya bar shi yadda ya zo. Ba laifi ba ne. Matsalar ita ce injin da salansa da wuta da taya duk a auna suke da juna tun daga kamfani, ka taɓa ɗaya sai sauran su nemi a gyara musu zama. Wannan ne mutane ba sa sa wa a lissafi.

Salansa ce farkon abin da ake cirewa, don kowa yana son rugugin nan. Sai a kai wa mai walda ya fasa ta ya zubar da abin da ke ciki, ko a sayo buɗaɗɗiya a ɗaura. Iska ta samu hanya, amma kafireta tana nan tana ba da mai daidai na tsohuwar salansa. Mai ya yi kaɗan ke nan, iska ta yi yawa. Alamominsa ba sa ɓuya: babur yana ta "tas-tas" idan ka saki totur, bututun ya koma shuɗi daga inda ya haɗu da injin, zafi yana dukan cinya fiye da da. Yawancin injinan nan iska ce ke sanyaya su ko kuma ƙaramin lagireto, ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a cunkoson Gidan Mai, bawul ne zai biya bashin. Gyaran shi ne a sake jet ɗin kafireta, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, zuwa mai ɗan faɗi, a yi tafiya, sannan a kwance fulogi a duba bakinsa. Fari fat, mai bai isa ba. Baƙi mai toka, ya yi yawa. Ruwan ƙasa-ƙasa ake nema. Idan kuma babur ɗin mai injekta ne, kamar duk Harley daga 2007 zuwa yau, babu jet ɗin da za a sauya, sai an daidaita kwamfutarsa, kuma ba kowane bakanike ne ke da na'urar ba. Ka tambaya kafin ka sayi salansar.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne cire akwatin matatar iska a maye shi da ƙaramar matata mai ƙyalli a buɗe. A hoto tana da kyau. Amma an yi ta ne don ƙasashen da ba su san hunturu ba. A nan daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce za ta riƙa shiga silinda tana cin ringi kamar sanfefa. Ni dai shawarata a bar akwatin kamfani, in ado ake so a sauya murfinsa kawai.

Sai dogon kai, wanda hannu ke ɗagawa sama. Mutum zai sayo ƙarfen kaɗai, ya manta cewa wayar kuloci da ta totur da tiyon birki duk an yanke su ne daidai da gajeren kai. Bakanike ya ja su da ƙarfi har su kai, a ce an gama. Ga gwajin da ya kamata a yi tun babur yana tsaye: tayar da shi, ka karya kan zuwa dama har ƙarshe, ka mayar hagu har ƙarshe. In ƙarar injin ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame, kuma wata rana a kwana za ta ba ka wuta ba ka nema ba. A sayi dogayen wayoyi da tiyo tare da kan, rana ɗaya.

Wajen fitilu ma ana sakaci. Ƙarin fitila biyu masu wat 55 kowacce suna jan kusan amfiya 9, amma sai a jona su a siririyar wayar da ta fi kusa, a naɗe da salatif, babu fiyus babu rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa siririyar waya nauyin wuta. Ko wayar ta narke, ko batir ya riƙa mutuwa saboda kwayil ba ya iya cika shi. A ja sabuwar waya daga batir da fiyus ɗinta, sannan a sa mita: idan an ɗan taka injin da duk fitilu a kunne, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sigina kuwa in an mayar da ita LED ta fara ƙiftawa da sauri, ba lalacewa ta yi ba, rile ɗinta ne ke son a sauya da na LED.

Rage tsayin shakazoba don babur ya ƙara kwanciya, a hanyoyinmu asara ce. Tudun rage gudu na farko zai gaisa da ƙasan injin, kuma in aka jingine shi sai ya tsaya kusan cak, iska kaɗan ta kayar da shi.

Akwai wani ƙaramin abu mai jawo babbar ɓarna. Kusoshin Harley yawanci da inci ake auna su, na baburan Japan da milimita. Sifana mai milimita 13 takan kusa kama kan rabin inci, sai yaron shago ya matsa da ƙarfi ya cinye kan. Mafi muni a tura kusa mai wani zare cikin ramin alminiyam. Haka kuma kayan da aka rubuta "ya dace da kowane babur" da wuya su dace da naka ba tare da huji ba. Ka ba mai kaya sunan babur da shekararsa da girman injinsa.

Fenti shi ne ya kamata ya zo ƙarshe, amma da shi ake farawa, sai a zo ɗaura kaya a kankare shi. Fentin gwangwani na feshi ba ya jure fetur, ɗigo kaɗan a gidan mai ya isa ya bar tabo a tanki. A nemi mai fentin mota ya rufe da kiliya mai haɗin hadna, wato fenti marar launi da ake gauraya wa sinadarin da ke sa shi tauri. Salansa da kan injin kuma suna da nasu fentin na zafi. Kurom mai arha damina ɗaya ke fito masa da tsatsa, mai kyan ma in ana goge masa ƙura a bushe zai dushe, sai an zuba ruwa tukuna. Kafin mai fenti ya fara, a rufe lambar shasi da ta injin da salatif don kada su shafe, sannan in launi ya sauya a je a gyara shi a takardun babur, tun kafin jami'an VIO su tare ka a hanyar Jos su ga takarda ta ce baƙi, babur kuma ja.