Sauya faifan ajiyar laftof: abin da za ka duba kafin ka saya

Cire tsohon faifai a sa sabo ba ya cin lokaci. Inda ake asara wajen saye ne, domin babban allon injin ne ke da ta cewa kan abin da zai karɓa. Saboda haka ka fara da neman littafin gyara na ainihin samfurin laftof ɗin a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko ka buɗe ƙasanta ka gani da idonka.

Idan faifai mai inci 2.5 ka tarar, ka huta: SSD (faifan lantarki mara juyawa) mai mahaɗin SATA, wato tsohuwar hanyar haɗa faifai da allo, zai zauna a gurbinsa. Kauri kawai za ka lura da shi, don akwai mai milimita 7, akwai mai 9.5. Idan kuma ma'ajiyar liƙe take da darma a jikin allo, kamar eMMC na ƙananan laftof masu araha da kuma ma'ajiyar MacBook na yanzu, to babu zancen sauyi, sai dai faifan waje.

Ramin M.2, inda ake zura siririn faifan SSD mai kama da ɗan kati, shi ne mai rikici. Siffar ramin ɗaya ce, amma hanyar aika bayanai biyu ke bi ta cikinsa: SATA da NVMe, wadda ta fi sauri. Wani allon duka biyun yake ji, wani ɗaya kaɗai. Faifan SATA na M.2 galibi yana da tsagi biyu a bakinsa, NVMe kuwa galibi tsagi ɗaya. Mai tsagi biyu zai shige ramin NVMe daram, ka ɗaure, ka kunna, injin ya ce bai ga komai ba. Shigarsa rami ba shaida ba ce. Haka nan ramin da aka tanada don katin layin waya yana kama da na faifai, amma ba kowanne ke karɓarsa ba.

Sai tsawo. Lambar 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80; akwai kuma 2242 da 2230. Dubi inda ramin noti yake. A siraran injina ka nemi faifan da gefe ɗaya kaɗai ke ɗauke da kayan lantarki, don mai gefe biyu yakan tokare allo ya lanƙwashe.

Kada gudun da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. SATA ba ya wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa. Faifan NVMe kuwa ta layukan PCIe na allo yake aika bayanai: PCIe 3.0 mai layi huɗu yana kai kusan 3,500, na 4.0 kusan 7,000. Faifan 4.0 zai yi aiki a ramin 3.0, amma da gudun 3.0, ƙarin kuɗin ya tafi a banza. Batun girma kuwa, tsohon tsarin rabon faifai na MBR yana tsayawa a terabait 2, abin da ya haura sai sabon tsarin GPT, kuma tada Windows daga faifan GPT yana bukatar UEFI, wato sabon salon manhajar allo da ke fara tada injin.

Ranar aiki, ka fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. In akwai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, ka kuma dakatar da shi. Sa sabon faifan a gidan USB ka kwafe tsohon kacokan da manhaja irin su Clonezilla, ko ka shirya filas don sabon Windows. Kashe injin gaba ɗaya, ba barci ba, cire caja, buɗe murfi, sannan ka zare wayar batir daga allo kafin ka taɓa komai. Noti ɗaya da ya faɗa kan allo mai wuta ya isa ya ƙona shi. Zura faifan M.2 a karkace, kusan digiri 30, danna shi ya kwanta, ɗaure ba da ƙarfi ba. Idan akwai ɗan soson ɗauke zafi a kan tsohon, mayar da shi, in ba haka ba faifan zai riƙa rage gudu da kansa in ya ɗau zafi.

Idan BIOS, wato shafin saitin allo da ake shiga yayin kunna injin, ya ga faifan amma mai girka Windows bai gani ba, yawanci saitin sarrafa faifai na Intel ne, VMD ko RST; ɗora direbansa daga filas. In kuma ka kwafe zuwa babban faifai amma girman bai ƙaru ba, shiga sashen sarrafa faifai ka faɗaɗa rabon zuwa filin da ya rage. Tsohon faifan kada ka goge shi sai sabon ya yi mako guda yana tashi lafiya.