Hanyar zama alƙali a Kamaru: tun daga jami'a har kujerar shari'a

Babbar ƙofar alƙalanci a Kamaru ita ce ENAM, makarantar horar da ma'aikatan mulki da alƙalai da ke Yawunde, kuma da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga. Kafin nan sai ka karanta shari'a. Ɗan Arewa ba sai ya yi nisa ba, akwai tsangayar shari'a a Jami'ar Ngaoundere da ke Dang, akwai kuma a Jami'ar Marwa. Lisans, wato digirin farko, ta shekara 3 kaɗai ba ta isa ba, sai ka ɗora masta a kai.

Ka riƙa lissafin shekarunka tun kana aji ɗaya a jami'a. Iyaka ita ce shekara 32 a ranar 1 ga Janairun shekarar konkur. Wanda ya makara shiga makaranta, ya kuma maimaita aji sau biyu, damar da ta rage masa kaɗan ce.

Dosiye, wato takardun neman shiga konkur, shi ne inda yaranmu suka fi tuntuɓe, tun ba a kai ga alƙalami ba. Ana neman kwafin takardar haihuwa da aka buga wa hatimi, da kwafin digiri, da takardar likita, da casier judiciaire lamba 3, wadda ke nuna kotu ba ta taɓa ɗaure ka ba. Wannan ta ƙarshe daga kotun yankin da aka haife ka take fitowa, kuma wata 3 kawai take aiki. Kada ka karɓe ta kafin a fitar da sanarwa. Matsalar da ta fi ita ce ta suna: takardar haihuwa ta ce Ousmanou, digiri ya ce Oussoumanou, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Gyaran takardar haihuwa yakan kai ga kotu, kotu kuwa ba ta sauri don kana sauri. Ka jera takardunka ka duba su harafi-harafi shekara guda kafin lokaci.

Jarrabawar rubutu ce da farko, sannan ta baka ga waɗanda suka tsallake. Ka gyara Faransancinka sosai, Turanci ma kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Horo shekara 2 ne, har da zaman koyon aiki a kotuna. Bayan haka Majalisar Ƙoli ta Alƙalai, wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, ita ke tura ka aiki, ko kan kujerar yanke hukunci ko ofishin mai gabatar da ƙara. Ba kai ke zaɓen gari ba. Ɗan Garwa yana iya tsintar kansa a Bertoua ko Ebolowa.