Shawara ga masu bin hanyar da ake gyara

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk mai tashi daga Maradi ya bi babbar hanyar ƙasa ta RN1, ko ta Gidan Rumji ko ta Cadawa da Agiye har Tasawa, in ka tarar an rufe hannu ɗaya an bar ɗaya to ka bi layi ka jira mai tuta ya ba ka hannu, kar ka ce za ka wuce kamyo cikin ƙurar nan, wallahi ba ka ganin mai zuwa shi ma ba ya ganinka. Kunna fitila ko da rana tsaka ce. In an karkatar da ku kan jar ƙasa rage gudu, tsakuwa na fasa gilashi, masu kabu-kabu kuma birki ɗaya ke kada ku. Ni dai da na yi asuba nake fita, kafin manyan motoci su taso.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da muke yi. In mai unguwa ya kira taro ko meri, wato ofishin magajin gari, ta aiko kan aikin hanya, ku je. Mu muka san inda ruwa ke kwanciya da damina kafin ya gangara Gulbi, mu muka san inda yara ke tsallakawa zuwa lakkwal da inda mata ke kasa kaya. Ku nemi kanibo, wato magudanar ruwa ta gefen hanya, da kwalbati da tudun rage gudu tun ba a zuba kwalta ba, don in an zuba an kwashe injuna da wuya a dawo a fasa. Ku rubuta a takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku riƙe kwafi ɗaya.