Yadda zaka zaɓi ƙaramar bindiga mara nauyi don farautar talo-talon daji

Farautar talo-talon daji a Amurka tafiya ce da zama. Tun kafin gari ya waye zaka shiga daji kana hawa kana gangara, in ka jiyo kukan namijin sai ka nemi gindin bishiya ka jingina, ka ɗora bindiga kan gwiwa kayi ta kiransa da muryar macen talo-talo, wani lokacin sai kayi rabin awa a haka baka motsa ba don idon tsuntsun nan bala'i ne, ɗan motsi kaɗan ya hango shikenan ya tafi. Toh doguwar bindiga mai nauyi anan wahala kawai zata baka, hannu ya gaji bakin bindigar ya fara rawa daidai lokacin da kake buƙatar ya tsaya cak.

Bindigar da ake wannan farauta da ita mai watsa ƙananan ƙwayoyi ce, wato shotgun. Fara da geji, wato lambar dake nuna faɗin bakinta. Lambar a juye take, 12 ta fi 20 faɗin baki, 12 wajen milimita 18.5 ce, 20 kuma wajen 15.6, sai ƙaramarsu .410 da bata wuce milimita 10.4 ba. Shekaru da yawa kusan kowa 12 yake ɗauka da dogon harsashi mai inci 3 ko 3 da rabi, saboda da ƙwayar dalma sai ka watsa da yawa kafin ka samu isassu su sauka a kai da wuya, wanda nan ne kaɗai ake saiti, jikin gashi ne mai kauri da tsoka. Abinda ya canja lissafin shine ƙwayar tangsten, wani ƙarfe mai nauyi sosai, da ake kira TSS. Nauyinta giram 18 ne a kowace santimita kubik, dalma kuwa 11.3, kaga kenan 'yar mitsitsiyar ƙwaya lamba 9 tana tafiya da ƙarfinta ta huda sosai, kuma tunda ƙanana ne harsashi ɗaya yana ɗaukar su da yawan gaske. Tun da kamfanin Federal ya fara sayar da ita a 2018 mutane suka yi ta komawa 20 da .410. Tsada kam akwai ta, amma ai ba harbi goma ake yi a fita ɗaya ba.

Ni dai gaskiya 20 nake ba mutum shawara. Yawancinsu wajen laba 6 ne, 12 kuma sai ta kai 7 zuwa 8, kuma in TSS ta gagari aljihunka 20 zata yi aiki da dalma matuƙar ka bari tsuntsun ya matso. Ita .410 daɗin ɗauka gareta, irinsu Stevens 301 mai harsashi ɗaya wajen laba 5 ce kacal, amma ta dogara ne kacokan kan harsashi mai tsada kuma bata yafe kuskuren saiti. Abinda zan ja kunnenka akai shine kar ka ruɗu da 12 mara nauyi sosai. Duk lokacin da nauyin bindiga ya ragu naushin da take kaiwa kafaɗa ƙaruwa yake, ga ka a zaune bayanka manne da bishiya babu inda jikinka zai ja da baya, duk a kafaɗarka zai ƙare, daga nan sai ka fara tsoron kunama kana runtse ido kafin ka ja, harbi ya lalace.

Tsawon bututu, inci 20 zuwa 24 ya isa. Mutane na zaton dogon bututu ne ke haɗa ƙwaya waje ɗaya, a'a, aikin cok ne, wato matsin dake ƙarshen baki, don haka ka tabbata bindigar tana karɓar cok na ɗaurawa da kuncewa ka sa mata matsattse na talo-talo. Kar kuma ka kuskura ka yanke bututu da kanka, dokar tarayyar Amurka tun 1934 ta sa ido kan duk wadda bututunta ya gaza inci 18 ko tsawonta gaba ɗaya ya gaza 26.

Sai gindin bindigar, nan ne mutane suka fi sakaci. Daga kunama zuwa inda take taɓa kafaɗa yawanci inci 14 ne ko da ɗoriya, ƙananan kuma 12 zuwa 13, kamar Mossberg 500 Super Bantam da ake iya ƙara mata tsawo ko a rage. Kar kaji kunya wai ta yara ce. Ka gwada ta a zaune a ƙasa da rigar da zaka sa a daji, gwiwa a tashe, ka ɗaga ta ka gani ko gindin yana maƙalewa a hammata, ko kumatunka na sauka daidai idonka na kallon saiti ba tare da ka miƙa wuya ba.

Mai famfo, wato wadda kake ja da hannu ta loda harsashi, tafi arha kuma bata cika matsala ba, mai loda kanta da gas tafi sauƙin naushi. Ka sa mata igiyar ratayawa, ka guji mai ƙyalli, in da hali ka ɗora mata saitin jan ɗigo, wato ɗan gilashi mai nuna maka jan ɗigo inda harbin zai sauka, don da matsattsen cok a kusa tarin ƙwayar bai fi dunƙulen hannu da yawa ba, kuskure kaɗan ka wuce kan.

Kafin lokacin farauta ka kafa babbar takarda a yadi 40, ka harba da ainihin harsashin da zaka fita dashi, ka zana da'ira mai faɗin inci 10 inda ƙwaya tafi taruwa ka ƙirga. Mafarauta da yawa 100 suke nema a ciki. In bata kai ba ka matso har inda ta kai, nan ne iyakarka, don Allah kar ka wuce shi ka raunata tsuntsu ya je ya mutu a banza. Ka duba dokar jiharka ma, kowace jiha da nata sharaɗin kan lasisi, geji da girman ƙwaya. Kuma ranar fita kar ka sa ja, fari ko shuɗi a jikinka, launin kan namijin kenan, wani mafarauci zai iya hangowa ya saita ka.